Dawar Gida Uku

Ranar wata Asabar ce cikin watan Nuwamba, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Iya ta tashe ni tun raɓa ba ta bushe ba, ta ɗora mini tsohon kwando a ka, ta ce in biyo ta. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma a lokacin ta wuce shekarun da ake tambayar mace ina za ta. Gonarmu tana yamma da garinmu Tafoki, bayan wata kuka mai kogo da muke tsoro ba gaira ba dalili. Dawa ta nuna, amma maza ba su sa mata hannu ba tukuna, domin a gidanmu ba a kayar da kara ko ɗaya sai Iya ta shiga ta fito. Ina tuna sanyin ganye a wuyana, da yadda karan ya kusa ninka tsawon Baba, har in na ɗaga kai ba na ganin komai sai zangarniya, kowace ta lanƙwasa wuya tana duban ƙasa kamar an yi mata faɗa. Saboda wannan sunkuyo ake ce mata Mai-kunya. Ban taɓa ganin sunan a rubuce ba sai yau da na rubuta shi.

Iya tana da wata gora mai ƙugiya a kai. Da ita take jawo kara, ta duba zangarniya, ta ɓalli ƙwaya ɗaya ta ciza, sa'an nan ko dai ta yanka da 'yar wuƙarta ta jefa a kwandona, ko ta saki karan ya koma sama. Wadda cutar burtuntuna ta taɓa, ko kallo na biyu ba ta samu. Ni kuwa, da ƙwazon 'yar makaranta, na shiga nuna mata manya manya, tunda an koya mana cewa na ɗaya ya fi na biyu. Ta ɗauki wasu daga cikinsu. Amma sai ta ja ni can kan tudu inda ƙasa ke da tsakuwa, ta yanki wasu 'yan ƙanana marasa fasali, ta gangara bakin kwari inda ruwa ke kwanciya ta yanki wasu, ta nemo waɗanda suka riga 'yan'uwansu nuna, da masu kaifin ƙaiƙayi da tsuntsu ba ya so. Na ce mata waɗannan ai munana ne. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ke kin san wace damina za a aiko muna baɗi?" Ban sani ba. Har yau da na yi ritaya daga koyarwa ban sani ba.

Da muka dawo gida ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta juye kwandon, ta kasa zangarniyar kashi uku, kowane kashi da manyansa da munanansa. Ta ɗaure su da igiyar rama. Ɗaya aka rataye a madafa, daidai saman murhu, inda hayaƙi zai riƙa dukansa har ya yi baƙi da kunkunniya, ƙwaro ya rasa ta inda zai shiga. Ɗaya na Goggo Hajo ne, ƙanwar Baba, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Kankara. Na ukun na Baba Sale ne, ƙanensu, wanda ya tafi neman ƙasar noma wajen Sabuwa ya zauna. Su ma can kowa zai zaɓi nasa ya kasa uku ya aiko. Kafin sanyi ya wuce, za ka ga ɗauri uku a rataye a kowace madafa ta gidajen nan uku. Iya takan ce, "Iri ba shi kwana ɗaki ɗaya." Ba ta taɓa jin labarin ɗakunan sanyi da ake ajiye iri a ƙasashen waje ba, amma da an ba ta labari, na tabbata abin da za ta fara tambaya shi ne ko ɗakin guda nawa ne.

Ba zan ce ina ƙaunar dawar nan a lokacin ba. Yaro ba ya ƙaunar abin da ke sa masa kanta a hannu. Ƙwayarta tauri gare ta, surfenta sai an yi da gaske, kuma ni da 'yar'uwata muka gaji turmin tun muna taka dutse kafin mu kai bakinsa. Daga surfe sai bakace, daga bakace sai wanki, sai shanya, sai niƙa, kaji na zagaye da mu kamar masu karɓar haraji. Amma tuwonta in ya kwana ba ya saki. Da safe Inna, mahaifiyarmu, za ta yanka shi a tukunya da ragowar miyar kuka, mu ci ɗumame mu tafi makaranta, har a tashi ciki bai yi ƙara ba. Karanta shi ne darnin gidanmu, shi ne rufin rumfar awaki, shi ne makamashi, tokarsa kuma ta shiga miya. Da shi yayana Lawal ke ƙera mota mai ƙofa har da direba, ni kuma in samu 'yar tsana in ɗaura mata tsumma. Silli kuwa, siririn saman karan, Malamin allo ke fiƙe mana alƙalami da shi. In aka cire Mai-kunya daga gidan nan, abin da zai rage ba ya wuce mu da turmi.

Dokokin Iya game da iri ba su da yawa, kuma ba ta taɓa jera su ba, sai dai ka karya ɗaya ka gane akwai ta. Ba a sayar da shi. Ba a hana wanda ya zo nema, ko da kun yi shekara ba kwa gaisawa. Kuma ba a godiya. Wannan ta ƙarshen ita ce ta kama hedimastanmu, wani dogon mutum mai tsabta da aka turo mana daga nesa, wanda ya ƙudura sai makarantarmu ta yi gona. Ya auna filin da igiya, ya kafa turaku, ya sa muka yi kunya-kunya madaidaita kamar layin littafi. Da ya ji labarin dawar gidanmu sai ya zo da kansa, ya yi sallama a zaure, Iya ta fito masa da zangarniya huɗu ta ajiye a gabansa. Bawan Allah ya durƙusa ya shiga zuba godiya, irin ta wanda ya yi karatu, mai gabatarwa da kammalawa. Iya ta bari ya gama tsaf, ta sunkuya ta kwashe abinta, ta ce, "Malam, ka tahi ka dawo gobe." Washegari ya dawo, an riga an yi masa bayani a hanya, ya karɓa ya tsaya shiru yana zufa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Iya ta ce, "Allah shi kai mu." Ya ce amin, ya juya.

Da dare ya yi kowa na dariyar abin, ni kuwa kunya ta ishe ni, domin ni ce zan shiga ajinsa. Na tambayi Iya ko da gaske ne in an yi godiya iri ba ya tsirowa, kamar yadda yara ke faɗa. Ta ce ita ba ta san wannan ba, tsiro na Allah ne. "Amma godiya ruhe zance ce," in ji ta. "In ka ba mutum goro ya gode, kun rabu. Iri kau zance ne da ba a ruhewa. Yau shi, gobe ni." Ta ƙara da cewa ita ma ba ita ta yi shi ba, a madafar uwar mijinta ta tarar da shi, to wa za a gode wa?

Akwai wata doka kuma da ban gane ta ba sai da na girma, domin ita ba a karya ta a gabana ba ko sau ɗaya. Ba a tambayar gida, "Irinku na nan?" Daidai yake da ka tambayi magidanci ko an ɗora tukunya a gidansa jiya. Ba a ma bukatar tambayar, tunda ɗauri yana zuwa da kansa kowace shekara, a bayan keken wani ɗan kasuwa ko a kan a-kori-kurar da ke bi ta Sheme. Na ga amfanin haka wata shekara da ruwa ya yi mana wasa. An yi ruwan farko mai kyau, Baba da Yaya Lawal suka fita da sungumi, mu muna binsu muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige, aka shuka ɗaurinmu kaf. Ya tsiro, sama ta ɗauke, ya ƙone. Aka sake samun yayyafi aka sauko da na Kankara, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Sai na Sabuwa ya rage a saman murhu shi kaɗai, Inna na girki tana satar kallonsa. Shi ne ya kama. Da kaka Iya ta shiga da gorarta, ta kasa uku, ta aika. Ba wanda ya aika wa Baba Sale da saƙon cewa shi ya cece mu, shi ma bai tambaya ba.

Kada a ɗauka Iya maƙiyiyar sabon abu ce. Lokacin da malamin gona ya fara zuwa garinmu a kan babur da wata gajeruwar dawa mai saurin nuna, ita ce ta fara cewa a karɓa. Ta ce baƙo ne, a ba shi gefe. Aka shuka masa layi biyu a bakin gona. Ya nuna da wuri, ya yi ƙwaya, duka tsawonsu ɗaya, kansu a miƙe kamar mu a filin makaranta in hedimasta ya fito. Iya ta ci tuwonsa ta ce ba laifi, sai dai ba ya kwana, kuma karansa ko akuya ba zai tsare ba. Daga nan kowace shekara yana da layinsa biyu. Ya taimake mu a watan da rumbu ke yin ƙasa. Ba wanda ya ga abin faɗa tsakaninsa da Mai-kunya, gona ta ishe su.

Iya ta rasu ina kwalejin horon malamai. Baba ya ɗauki gorar, bayansa Yaya Lawal. Aure da aiki suka kai ni birnin Katsina, inda na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu da karatu, kowace kaka kuma ana aiko mini da rabin buhu na tuwo. Sa'an nan abin da ya sami ƙasarmu ya same ta. Ba sai na ba kowa labarinsa ba, wanda bai rasa ɗan'uwa ba ya rasa maƙwabci. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya yi wa dawa. Doguwar dawa tana ɓoye mutum, har da mutum a kan babur, saboda haka dattawan gari suka yi shawara kada a ƙara shuka mai tsawo kusa da gari ko bakin hanya. Gonakin nesa kuwa ba mai zuwa. Ga shi Mai-kunya ba ta gaggawa, sai ta kai sanyi a gona, alhali kowa so yake ya kwashe abinsa ya shige gida tun mutanen daji ba su waiwayo ba. Baƙon da aka ba gefe shi ya riƙe gidaje a shekarun nan, kuma ba zan ci amanarsa ba, da shi aka rayu. Hanya ta lalace, ɗauri ya daina tafiya. Rabin buhuna ya daina zuwa, na ce hanya ce. Muna waya kullum, amma a waya ana tambayar wa aka ɗauka, wa aka sako, wa aka binne. Ba wanda zai kawo zancen zangarniya a cikin wannan, ko da al'ada ta yarda a tambaya.

Bara mijin Goggo Hajo ya rasu, muka haɗu a Kankara, a gidan hayar da suke ciki tun da suka baro ƙauyensu. Bayan an watse daga zaman makoki da rana, Baba Sale da Yaya Lawal suka shigo ɗakinta, mu kaɗai dangi, aka kawo tuwo. Goggo ta tsufa, haƙora sun tafi, amma harshe na nan. Ta kai loma ɗaya ta ajiye, ta dubi yayana.

"Lawal, in hanya ta yi sauƙi ka aiko mani da Mai-kunya, ko zangarniya biyu ce. In sa yara su shuka mani bayan ɗaki. Na gaji da cin wannan abu."

Yaya Lawal ya daɗe yana gyara zaman hularsa. Ya ce, "Goggo, ai na ɗauka taku na nan."

"Tamu mun ci," in ji ta. "Shekarar da muka taso, yara na kuka, na sauke na yi masu kunu. Na ce ta Sale na nan."

Muka dubi Baba Sale. Shi kuma yana duban tabarma. Ya ce ranar da aka shiga ƙauyensu madafa ce ta fara kamawa da wuta. "Ban damu ba," in ji shi. "Na ce ta babban gida na nan."

Yaya Lawal ya ce tasa ta yi shekaru a rataye yana jiran a samu lafiya, da ya ga jiran ya yi yawa ya sauke ya gwada a bayan gida, ko ɗaya ba ta fito ba. Iri ma yana tsufa. Bai gaya wa kowa ba, tunda akwai Kankara, akwai Sabuwa.

Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya yi kuka. An riga an kashe kukan a kan mutane. Goggo ta ce, "To." Ta jawo kwanon ta ci gaba da ci. Wata yarinya ta leƙo ta tambaya ko a kawo ruwa, aka ce ta kawo.

Yayana bai haƙura nan da nan ba. Ya bi gidajen da ya san Iya ta taɓa ba su, ya tarar wasu sun tashi, wasu sun koma gajeruwa tun kafin mu. Aka ce masa akwai wani tsoho a garin Ruwan Godiya mai doguwar dawa, ya sa aka karɓo masa, da ya buɗe ƙullin ya ga farafara ce irin ta kowa. Wataƙila tana nan a wata madafa da wani suna. Ina faɗar haka ne don ana faɗa.

A cikin 'yan shekarun nan an yi doka a ƙasar nan da ke ba masu ƙirƙiro sabon iri haƙƙi a kan abin da suka fitar, yadda wani ba zai ninka shi ya sayar ba sai da izininsu. Da yake ritaya ta bar mini lokaci fiye da bukata, na nemi bayaninta na karanta da jan biro a hannu, don sabo. Ban ga mugunta a cikinta ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar gwaji yana haɗa wannan da wancan har ya fitar da dawar da ta ciyar da yayana a shekarun tsoro, ya cancanci ladan wahalarsa. Dokar ba ta hana kowa ajiye irin kakarsa ba. Ba ta ma san da shi ba. Kafin ta san iri, sai ya kasance sabo, ya bambanta da saura, 'ya'yansa su fito bai ɗaya, kuma a san wanda ya yi shi. Na ɗora Mai-kunya a kan wannan ma'auni, na ga ta faɗi kowace tambaya. Ba sabuwa ba ce. Ba bai ɗaya take ba, da gangan ma Iya ta hana ta zama haka. Wanda ya yi ta kuwa, in aka kira suna, matan da za su amsa duk suna ƙarƙashin ƙasa, kuma ko da suna raye cewa za su yi ba su ba ne. Da takarda ce a gabana, da na rubuta mata "a ƙara ƙoƙari" na wuce.

Bana da bazara na je gida, na raka Yaya Lawal shagon kayan gona a Kankara, domin a can yake sayen iri yanzu, kowace shekara, in hanya ta bari. Shekarar da ba ta bari da wuri ba, ya makara da shuka. Da can tukunyar gidanmu tana jiran Allah da ruwan sama, yanzu tana jiran Allah da ruwan sama da mota da shago da wani kamfani da ba mu san inda ƙofarsa ke kallo ba. Mai shagon saurayi ne mai ladabi. Ya miƙo leda mai sheƙi, ƙwayar ciki an rina ta da magani, sunanta haruffa ne da lambobi, a ƙasa kuma an rubuta masu ita. Ya yi mana bayani cewa wannan iri mai aure ne, wato haɗin dawa iri biyu, kada yayana ya wahalar da kansa ya ajiye na baɗi, ɗansa ba ya gadon ubansa, sai dai a dawo a sayi sabo. Yayana ya ce ya sani. Ya saba ji.

An shuka, ya fito duka, bai bar gurbi ba, tsawonsa ɗaya, kansa a miƙe. Za a ci tuwo bana in Allah ya yarda. Gorar Iya tana jingine a zaure, an mai da ita abin kakkaɓo mangwaro, saman murhu kuma ba komai sai kunkunniya. Jikokina ba su san an yi wata dawa mai sunkuyar da kai ba, kuma ba su rasa komai ba da za su iya nunawa. Ni ma in aka ce in faɗi abin da nake ji, ban ji wani abu mai suna ba. Abin da dai ya tsaya mini shi ne lokacin da muka juya za mu bar shagon, ledar tana hannun yayana, saurayin ya biyo mu har bakin ƙofa ya ɗan rusuna ya ce, "Mun gode, Baba. Mun gode, Hajiya."

Yaron ya yi godiya, zance ya rufe.